Zarto Mai Aiki da Batir

Jama'a, kowa ya san zarto. Ba kasuwar da za ka shiga a ƙasar Daura, daga Sandamu har Ɓaure, daga Zango har Mai'aduwa, ka rasa rumfar kafinta. Su ke yi mana ƙofa da taga, da gado, da akwatin amalanke, har da bencin nan da mu ke zaune a kai muna koyon karatu.

Kakanninmu da gatari da gizago suka yi aiki. Da su masassaƙa suka fid da turmi da taɓarya, da akushi, da ƙotar fartanya. Daga baya zarton hannu ya zo. Bayansa aka kawo na lantarki, mai doguwar waya, wanda ba ya motsi sai akwai wuta ko an ta da janareto. Yanzu kuma ga wani ya shigo, ba shi da waya ko kaɗan. Ƙarfinsa yana cikin wani ɗan akwati da a ke maƙala masa a gindi. Wannan ɗan akwati shi ne batir.

Ba abin mamaki ba ne da mutanenmu suka karɓe shi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, ta da janareto ya zama sai mai hali. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta, ga faifan sola ya yawaita a kan rufin gidaje da shaguna. Mai wannan zarto ya iya cika batirinsa a gari, ya ɗaura a bayan babur, ya tafi ƙauyen da ko turken lantarki babu, ya yi aikin rufin ɗaki ya komo. Fatake suna sarinsa a Kano, a kasuwar Sabon Gari da ta Ƙofar Ruwa, su biyo hanyar Kazaure su kawo mana.

To, amma akwai magana. Zarton hannu, in ya taɓa yatsanka, hannunka da kansa zai tsaya. Wannan bai san bambancin katako da yatsa ba. Faifansa yana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya, watau fiye da sau 80 kafin ka ce "ɗaya". Kafin zafi ya kai ga zuciyarka, an gama. Kafinta kuwa da yatsunsa ya ke ci da iyali. Manomi ma haka.

Ga wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi tun yanzu. Zarto mai waya, in janareto ya mutu, ko yaro ya san ba zai tashi ba. Mai batir ba haka ya ke ba. Yana kwance shiru a kan tebur, ba ƙara, ba waya, sai ka ce wani guntun ƙarfe ne. Alhali kuwa muddin batir yana jikinsa, a farke ya ke. Saboda haka duk maganar da za mu yi a nan tana komawa kan batir ne: yadda za mu cika shi, da lokacin da za mu sa shi, da lokacin da za mu cire shi.

Abin da ke cikin batir

In da za a buɗe ɗan akwatin nan (kada kowa ya buɗe, mun faɗa ne don a sani), da an ga waɗansu ƙananan batura a jere, kowane ya ɗan fi na tocila siririya girma. Ana kiransu batura na litiyam. Litiyam wani ma'adini ne mara nauyi da a ke samu cikin duwatsu, ana haƙo shi har a nan Nijeriya, a jihar Nasarawa da waɗansu wurare. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wannan batir a shekarar 1991. Shi ne a cikin wayar da ke aljihunmu. Na zarto dai ya fi girma, kuma wutar da ya ke riƙewa ta fi ta waya nesa ba kusa ba.

Batir na kirki yana da wani ɗan allo a ciki, ko a cikin cajarsa, mai aikin gadi. In ya cika, mai gadin nan ya tsai da wuta. In ya yi zafi, ya hana caji. In mai gadin nan ba ya nan, ko an kewaye shi, to, batir ya zama tukunyar da a ke ta yi wa wuta an danne murfinta da dutse.

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Ɗauki batir ka juya shi. Za ka ga lamba da harafin V, misali 18V. Wannan shi ne ƙarfin turin wutar. Ƙananan baturan da ke ciki kowane 3.6 ya ke bayarwa, in an jera biyar sai su ba da 18. Wani kamfani ya kan rubuta 20V, amma biyar ɗin nan ne dai, ya auna su ne lokacin da suka cika maƙil. Za ka kuma ga wata lamba da haruffa Ah, misali 2Ah ko 5Ah. Wannan shi ne girman cikinsa, kamar yadda tulu ya fi buta cin ruwa. Mai 5Ah ya fi mai 2Ah daɗewa yana aiki, ya kuma fi shi nauyi, don ƙananan batura goma ne a cikinsa. Nauyinsa ya kan wuce rabin kilo.

Wannan magana ta nauyi tana da amfani a kasuwa. In aka miƙo maka batir an rubuta 5Ah ko 9Ah, ka ɗaga ka ji shi sakayau, kuɗinsa kuma rabin na sauran, to, jabu ne. Araha ba ta ado. Irinsu ne su ke mutuwa cikin wata biyu, irinsu ne kuma suka fi kama wuta, don ba a sa musu mai gadin kirki ba.

Yadda za mu cika shi

Kowane batir da cajarsa. Kamfanoni suna da yawa, akwai Makita, akwai Bosch, akwai DeWalt, akwai Ingco, da sauransu, kuma bakin batirin wannan ba ya shiga cajar wancan. Kada mu ce sai mun tilasta shi. Mun san dabara ba ta ƙare wa mutanenmu, za a sami wanda zai ce a kawo ya feɗe waya biyu, ya haɗa batir kai tsaye da faifan sola ko da batirin mota. Wannan ba dabara ba ce, ganganci ne. Wutar za ta yi ta shiga ba mai ce mata ya isa, batir ya yi zafi, ya kumbura, ya fashe.

Cajar irin wutar gida ta ke so, wadda a ƙasarmu ƙarfinta wajen 230V ne. Duba bayanta ka karanta. In ka ga an rubuta 110V ko 120V kaɗai, to, ta Amurka ce, ta zo cikin kayan gwanjo, kana soka ta a bango za ta ƙone. Mai sola kuwa sai ya bi ta na'urar da ke mai da wutar sola ta zama irin ta gida, wadda masu haɗa sola ke kira inbata. Ya kamata ya tambayi wanda ya haɗa masa ko inbatar tasa za ta ɗauki caja, don waɗansu ƙanana masu araha su kan lalata ta.

In da janareto za a yi caji, a ta da shi tukuna, a bari muryarsa ta daidaita, sa'an nan a soka caja. In za a kashe, a fara zare caja. Janareto kuma a waje ya ke zama, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana da guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Babban abokin gāban batir a ƙasarmu shi ne zafi. Masu ƙera shi sun ce kada a yi masa caji in zafin wurin ya wuce digiri 40. Mu kuwa mun san bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Daura ya kan kai 40 har ya wuce, a inuwa ma. Cikin shago mai rufin kwano da azahar kuwa sai wanda ya shiga. Saboda haka a lokacin bazara mu yi caji da safe bayan asuba zuwa hantsi, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Mu nemi wuri mai inuwa, inda iska ke ratsawa. Zaure na ƙasa ya fi shagon kwano.

Batirin da aka cire daga zarto yanzun nan da ɗuminsa ya ke. Kada a ɗora shi a caja nan take. Mai doki ba ya shayar da shi ruwa yana haki. A ajiye shi a inuwa kamar rabin sa'a, in an taɓa an ji ya huce, sa'an nan a sa. Kada kuma a ce za a tsoma shi cikin ruwa ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma don ya yi saurin hucewa. Ruwa ba ya shiri da shi.

A kan me za a ajiye caja? A kan daɓe, ko siminti, ko bulo. Ban da katifa, ban da tabarma, ban da buhun hatsi. Kada a rufe ta da zane wai don ƙura, tana bukatar shan iska. A nisanta ta da kwalbar fetur, da kara, da harawa, da tarin dusar katako. Wanda gidansa ke da dangar kara ko rufin ciyawa sai ya ƙara kula, musamman da hunturu, lokacin da kome ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Gobarar ƙauye ba ta tsayawa a gida ɗaya. Kada kuma a ajiye ta a bakin ƙofar ɗakin kwana, don in wuta ta tashi ta nan za a fita.

Caja tana da 'yar fitila. A mafi yawansu ja yana nufin ana caji, kore yana nufin ya cika, amma ba duka ba ne, sai a duba zanen da ke jikinta. In fitilar tana ƙyaftawa ba yadda ta saba ba, tana gaya maka batir ya yi zafi ne ko ya sami matsala. Cikarsa ta kan ɗauki daga rabin sa'a zuwa sa'a biyu, gwargwadon girmansa da ƙarfin caja. Ka ga ke nan ba dalilin da zai sa a bar shi ya kwana a wuta. Mun san abin da ke jawo haka: wuta ta kan zo da tsakar dare, mutum ya soka ya koma barci. Mu dai shawararmu, gara a rasa aikin safiya ɗaya. A yi caji ido biyu, akwai babban mutum a kusa. In ya cika, a cire shi, a zare caja daga bango.

Masu kai batir wurin masu cajin waya a kasuwa, su tafi da tasu caja. Su kuma roƙi mai shago ya ware ta gefe guda a ƙasa, kada ya cusa ta cikin tarin wayoyin jama'a.

Alamar batir ya lalace

In batir ya faɗo daga kan rufi, ko amalanke ta taka shi, ko ya faɗa ruwa, kada a mai da shi caja sai an duba shi sosai. In ya tsage, ko ya kumbura, ko wani ruwa yana fita, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, to, aikinsa ya ƙare. A fitar da shi fili, a ajiye a kan ƙasa tsirara, nesa da ɗaki da rumbu da dabbobi.

In ya fara huci ko hayaƙi yana kan caja, a kashe wuta daga makunni in za a iya kai wa gare shi ba tare da an matsa kusa ba. A fid da yara da tsofaffi. Kada a shaƙi hayaƙin, guba ne. Bayan an tabbata an raba shi da wutar lantarki, a kwara masa ruwa mai yawa daga nesa, ko a zuba masa yashi. Wutar batir tana da wata muguwar ɗabi'a: ta kan yi kamar ta mutu, can an jima ta sake tashi. Saboda haka ko ta lafa a bar shi a fili ya kwana, kada a shigar da shi ɗaki.

Wani abu ƙarami da a ke mantawa: bakin batir yana da 'yan ƙarafa. In aka jefa shi cikin aljihu ko jaka tare da ƙusoshi da makullai, ƙusa ɗaya ta iya haɗa ƙarafan nan biyu, wuta ta tashi a jikin mutum. A ba shi jakarsa dabam.

Kafin a fara yanka

Yanzu sai mu koma kan zarton kansa. Wanda kafintoci suka fi riƙewa shi ne mai faifai, watau wani ƙarfe zagayayye mai haƙora a gefe. Yana da kunama kamar ta bindiga, da wani ɗan maɓalli da sai an danna shi kunamar za ta motsa. Yana kuma da murfi mai rufe faifan, wanda ke janyewa da kansa in an shiga katako, ya komo da kansa in an fita.

Duk abin da za ka yi wa zarto wanda ba yanka ba ne, cire batir tukuna. Za ka sake faifai, cire batir. Za ka share dusa daga haƙora, cire batir. Za ka daidaita zurfi, za ka miƙa wa yaronka, za ka tafi salla, za ka sha ruwa, cire batir ka sa a aljihun da ba kome. Cire shi bai fi ƙiftawar ido ba. Yawancin mutane sun san haka, ƙyuya ce kawai da cewa "ai yanzu zan gama".

Batir yana waje, sai ka duba faifai. In haƙori ya karye, ko faifan ya tsage ko ya lanƙwashe, a sake shi. In ya dakushe ma a sake, don dakusasshen zarto ya fi mai kaifi haɗari, shi ke sa mutum ya yi ta dannawa da ƙarfi. A jikin faifai akwai kibiya, a jikin murfi ma akwai. Lalle su fuskanci waje ɗaya. Sa'an nan ja murfin da yatsa ka saki. In ya koma da sauri ya rufe, madalla. In ya maƙale, a gyara kafin a yi aiki. Waɗansu su kan ɗaure murfin nan da waya ko su cire shi ɗungum, wai yana rage musu sauri. A ganinmu ba wautar da ta fi wannan a rumfar kafinta. Faifai ba ya tsayawa nan take in an saki kunama. Mai zarto mara murfi in ya ajiye shi a ƙasa, sai ya yi tafiya da haƙoransa, in kuwa ya sauke hannu, cinyarsa ce a wurin.

Daidaita zurfi yadda haƙora za su leƙo ƙarƙashin katako kaɗan kawai, kada ya wuce tsawon haƙori ɗaya. Duba katakon kuma, musamman tsohon da aka ɓamɓaro daga rufi, a zare duk ƙusar da ke ciki.

Sai maganar tufafi, wadda ta shafe mu ƙwarai. Babbar riga ta ado ce, ta ranar Juma'a da hawan salla. Ba a aikin zarto da ita, ko da doguwar riga mai faɗin hannu. A tuɓe, a sa 'yar shara ko taguwa mai kama jiki. Jelar rawani, da carbi a wuya, da laya mai reto, duk a kawar. Abin da faifai ya kama, jawo shi zai yi har da mai shi. A sa takalmi mai rufe ƙafa, ba silifa ba. A sa tabarau na aiki saboda tsiraruwan katako, a rufe hanci saboda dusa, in aikin yini ne a toshe kunne, don ƙarar nan tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya komowa.

Harbin zarto

Duk wanda ya yi kiwon jaki ya san ba a tsayawa daidai bayansa. Zarto ma yana harbi. In katako ya matse faifai yana cikin gudu, ƙarfin nan ba shi da inda za shi, sai ya cilla zarton baya, wajen mai riƙe da shi. Wannan shi ne ya fi raunata mutane, har waɗanda suka daɗe a sana'a.

Me ke sa katako ya matse faifai? Mu ɗauki misali. Ka ɗora dogon katako a kan turmi biyu, ɗaya nan ɗaya can, ka yanka a tsakiya. Kana kusa da gamawa sai tsakiyar ta lotsa ƙasa, bakin yankan ya haɗe ya cije faifai. Shi ke nan, harbi. Yadda ya kamata shi ne babban ɓangaren ya zauna daram a kan tebur ko benci, an danne shi da matsi, guntun da za a cire kuma ya leƙa waje yadda zai faɗi da kansa. Ɗanyen katako da mai ƙulli su ma su kan matse. Haka kuma in ka karkatar da hannu kana tsakiyar yanka, domin wannan zarto miƙaƙƙen layi kaɗai ya sani.

Kada ka riƙe katako a hannu ɗaya ka yanka da ɗaya. Kada ka ɗora shi a cinya ko gwiwa. Kada ka danne shi da ƙafa kusa da layin yanka, kamar yadda muka saba da zarton hannu. Kada kuma ka sa yaro ya riƙe maka guntu da hannunsa kusa da faifai. Hannu biyu a kan zarto, ƙafa biyu a ƙasa mai kyau, jikinka kuma a gefen layin yanka, ba daidai bayansa ba.

In ka shirya, sa batir har ka ji ya ce ƙas. Ɗora tafin zarton a kan katako, haƙora ba su taɓa ba tukuna. Danna kunama, bari ya kai cikakken gudunsa, sa'an nan ka tura a hankali. Bar shi ya ci da kansa. In ka ji muryarsa ta sauya tana nishi, ka yi masa yawa, sassauta. In ya cije, saki kunama, riƙe shi yadda ya ke har faifai ya tsaya cik, sa'an nan ka fid da shi. Kada ka ja shi baya yana juyawa. Kada ka leƙa da hannu ƙarƙashin katako, murfi ba ya rufe nan.

Yara su kan taru duk inda suka ji ƙarar sabon abu. A kore su nesa kafin a fara. Wanda ya zo gaisuwa ya jira a gama yankan, mai zarto ba ya amsa sallama da juyowa. Wanda ya gaji, ko bai yi barci ba, ko ya sha maganin da ke sa maye, kada ya taɓa shi. In hadari ya taso ana yayyafi, a tattara a shiga ciki.

Mai sarƙa

Akwai wani iri kuma mai sarƙa, wanda a ke yanke rassan itace da shi. Ƙanƙanensa ya fara shiga hannun manoma da masu kiwo, masu sassabe da masu saro wa dabbobi ganyen gawo da rani. Duk abin da muka faɗa ya hau kansa. Ƙari a kai, sarƙarsa tana son mai, tana kuma son a ɗaure ta daidai, kada ta yi sako-sako. Harbinsa daga kan hancinsa ya ke fitowa, saboda haka ba a yanka da tsinin. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a hawa bishiya da shi a riƙe reshe da hannu ɗaya. A duba inda reshe zai faɗi, a duba ko akwai wayar lantarki.

Mu tuna kuma ƙasarmu a bakin hamada ta ke, daga Kwangwalam sai Nijar. Abin da gatari zai yini yana sara, wannan zai kayar kafin a sha fura. Gawo da kuka da tsamiya da darbejiya su ke tare mana iska da rairayi. Bishiya mai rai ba a kayar da ita sai da izinin malamin daji da sanin mai gari.

In tsautsayi ya auku

In wani ya yanke, abu na fari a cire batir, kada zarton ya ƙara wani. A sami tsumma mai tsabta a danne ciwon da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji. In jini ya jiƙe tsumman, a ƙara wani a kai, kada a ɗaga na farin. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko garin batirin tocila. Waɗannan su ke sa ciwo ya ruɓe. A nufi asibiti nan da nan, in ciwon babba ne a wuce babban asibitin Daura. A gaya wa ma'aikata ƙarfe ne ya yanka, don su duba maganar allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. In yatsa ya fita, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan sanyi ko mai ƙanƙara, a tafi da shi. Likita ne zai ce ko zai yi amfani.

In an tashi daga aiki, a cire batir, a goge zarto, a ajiye su dabam dabam, zarto a akwati mai makulli, batir a wuri mai sanyi inda hannun yaro ba ya kai. In damina ta faɗi za a koma gona, zarto zai yi watanni ba aiki, kada a ajiye batir a cike maƙil, kada kuma a bar shi babu kome. Wajen rabi ya fi masa. Bayan wata biyu ko uku a duba shi, in ya yi ƙasa a ƙara masa kaɗan.

Batir ba ya dawwama. Bayan 'yan shekaru za ka ga yana saurin ƙarewa. Ran da ya mutu kada a jefa shi a murhu, ko a juji inda a ke cinna wa shara wuta, ko a rijiya, ko a masai. Kada a ba yara su fasa su yi wasa. A rufe bakinsa da salatif, a mayar wa wanda ya sayar da shi ko masu gyaran kayan sola, a gaya musu matacce ne.